Yadda Na Ɗauko Kawu Kabo Daga Bakin Teku

Asabar, 3 ga Safar, bayan Azahar

Yau Inna ta sha rabin kofin shayi. Yaya Kabira ta ce rabi da ɗan ƙari, ni na ce rabi. Har muka fara ɗaga murya a kan kofin, Inna tana kwance tana jinmu, ta ce mu fita mu ba ta iska.

Likitan nan ɗan Sudan mai zuwa gida ya zo da hantsi, ya daɗe a ciki. Da ya fito sai ya ja Kabira gefe, ni ya ce in kawo masa ruwan wanke hannu. Na kawo. Ban sa masa ƙadangaren roba a buta ba kamar wancan zuwan, shi kuma ko lura bai yi na shiryu ba.

Abin da ya ce, Kabira ta ji. Ni ba zan rubuta shi ba.

Da na koma ciki Inna ta ce, "Mahadi, ina son ganin Yaya Kabo." Haka kawai, kamar mai cewa a miƙo mata carbi. Kawu Kabo yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka zo hajji da iyayensu suna yara, ba su koma ba. Shi daga baya ya tafi bakin teku kamun kifi, wani ƙauye Ummu Sadaf, can kudu ta hanyar Lis. Rabonsa da gidanmu tun ina saƙala allo a hammata. Abin da ya haɗa su ba wanda ya taɓa faɗa min. Duk ranar da na tambaya, sayen burodi ake aike na.

Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da mota, teku ma a waya kawai nake ganinsa. Na ce mata to.

Lahadi, 4 ga Safar, da hantsi

Na kira lambar Kawu. Ya ɗauka, na gaishe shi, na ce Inna ba ta jin daɗi. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya kashe. Na sake kira, ta yi ta ƙara har ta gaji.

Litinin, 5 ga Safar, bayan La'asar

Na je Aziziyya wajen Marwan, shagon turaren babansa. Marwan jikan Hausawa ne, amma tun kakansa suka sami takardar zama 'yan ƙasa. Yana da mota, yana da katin da ake nuna wa ɗan sanda a yi maka murmushi. Hausarsa kuwa kamar ta ɗan yaye, in ya ce "sannu da aiki" sai ka ji kamar ya taka ƙusa.

Wata shida ke nan wata cuta ta kama shi. Kullum yana cikin waya yana kallon turawa suna tsayawa a kan katako, igiyar ruwa tana ɗaga su sama. Har ya yi odar katakon, dogo, ruwan ɗorawa, ya fi shi tsawo. Yana jingine bayan kwalaben turare, bai taɓa jiƙewa ba. Ni allo nake ce masa. Na ce allon ma'aikacin banza, ba a rubutu ba a wankewa.

Na zauna na sha shayinsa, na ce, "Ai da ka san Ummu Sadaf da ba ka ɓata ido a waya ba."

Ya ce, "Esh Ummu Sadaf?"

Na ce ƙauyen kawuna ne. Na ce igiyar ruwan can in ta taso sai ta rufe rana, masunta su kunna fitila. Na ce akwai wani Bature da ya zo daga ƙasar da ba a kiran sallah, ya hau ta sau ɗaya, ya sauko yana kuka, ya ce a musuluntar da shi. Marwan ya ce Bahar Maliya ba ya igiya, ya karanta. Na ce masu rubutun ba su da kawu a Ummu Sadaf.

Ya kalli allon. Ya ce, "Alhamis?"

Da na faɗa masa gaskiya ƙila ya yarda. Amma ɗaukar wanda ba shi da takarda a mota laifi ne babba, babansa ya sha gargaɗinsa a kaina. Kuma ni ban iya roƙo ba. Tsokana ita ce take fita da kanta.

Laraba, 7 ga Safar, bayan Azahar

Cokali uku na kunu. Kabira ta ce huɗu.

Na fita tura keken alhazai a bakin masallacin Haram, tsohuwa ɗaya kawai na tura, 'yar Indonesiya, na dawo. Inna ta ce in na je in ce wa Kawu Hure ce take kira, sunanta ke nan, kar in ƙara komai. Ta ce, "Kai na sani, sai ka ce masa na haifi 'yan biyu."

Alhamis, 8 ga Safar, bayan Magariba, Ummu Sadaf

Mun iso.

A shingen bincike na zauna kamar gawa, hular Marwan a kaina, baƙin tabarau a fuska. Ɗan sandan ya dubi allon da ke ɗaure a rufin mota, ya dubi Marwan da gajeren wandonsa mai zanen bishiyar kwakwa, ya yi dariya, ya ce ina za mu da wannan. Marwan ya ce Ummu Sadaf, hawan igiyar ruwa. Mutumin ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani. Suka ɗaga mana hannu mu wuce, suna riƙe ciki. Ni ko kallo na ba a yi ba. Ashe in kana da abin wasa a rufin mota ba a tambayar sunan ubanka.

Sai ga teku.

Na daɗe ina tsaye. Faɗi gare shi har inda ido ya ƙare, shuɗi, ga wari kamar na kasuwar kifi da aka wanke. Kuma a kwance yake, lumui, kamar ruwan da aka zuba a faranti. Ruwan kwanon wankin Kabira ya fi shi motsi.

Marwan ya ce, "Fen igiya?" Wato ina igiyar.

Na ce ta tafi sallah.

Juma'a, 9 ga Safar, da hantsi

A mota muka kwana. Ƙauyen da Inna take ba mu labari, mai jiragen katako jere a kan yashi da mata masu shanya kifi, ban gan shi ba. Abin da na gani katanga ce ta kwano, doguwa, an manna mata hotunan mutane suna dariya a ƙarƙashin laima. Bayanta otal ne, rabi an gama, rabi ana kan yi. Inda aka gama akwai ƙofa da maigadi. Marwan ya biya muka shiga, aka ɗaura mana wani zare a wuyan hannu kamar jarirai a asibiti.

A ciki yashin ma ba na nan ba ne, kawo shi aka yi da mota, don na garin wai ya yi duhu. Akwai bishiyoyin kwakwa da aka dasa, an tallafe su da katako kamar masu karaya. Kiɗa yana tashi daga cikin wani dutse, na leƙa, dutsen roba ne. Marwan ya shiga ruwa da allonsa, ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, ruwan bai wuce gwiwarsa ba. Ya kwanta a kan allon yana iyo da hannu. Ya tsaya yana jira. Wata yarinya mai balan-balan ɗin agwagwa ta zo ta wuce shi.

Na ɗauke shi hoto. Allah ya yafe min, na yi dariya har na zauna. Rabona da dariya irin wannan tun kafin Inna ta kwanta, kuma da na tuna haka sai ta tsaya.

Ya fito da ƙaya a tafin ƙafa, ta wani abu baƙi mai kama da bushiya.

Juma'a, bayan La'asar

Maigadin ƙofa sunansa Taha. Na tambaye shi ko ya san wani Kabo, baƙi, dogo, mai kamun kifi. Ya ce, "Kabo Takaruni? Tare muka yi shekaru a jirgi ɗaya." Takaruni, haka suke kiran irinmu a nan. Ya nuna min wurin da suke ɗaure jirginsu da, yanzu nan ne ake hayar babur ɗin ruwa. Ya ce an hana jefa koma daga nan har wancan tsibirin, don kar baƙi su ji ƙarni. Kifin da ake soyawa a otal ɗin a daskare ake kawo shi daga Jidda. Maƙabartar garin ma tana cikin katangar, in zai ziyarci babansa sai ya sa rigar aiki.

Na ce to ai an cuce ku. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce 'yarsa Lujain tana aiki a teburin karɓar baƙi, an kawo kwalta, an kawo asibiti, da can mace in haihuwa ta zo da gardama a bayan motar kifi ake kai ta Lis. Ya ce, "Ban ce maka daɗi ba, ban ce maka wuya ba. Kunama ce da zuma a wutsiya." Sai ya gyara hularsa, ya buɗe wa wata mota ƙofa.

Mutanen gari an ba su gidaje can cikin tudu, inda ba a ganin ruwa. Masu takarda ke nan. Waɗanda ba su da ita suna ƙarshen katanga, bukkoki kaɗan. Kawu yana can.

Asabar, 10 ga Safar, bayan Azahar

Na gan shi. Yana zaune a inuwar bukkarsa yana ɗinke koma. Goshin Inna ne sak, har yadda take tattare shi in na yi ƙarya.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Kai ne mai sa wa liman barkono a carbi?" Na ce tuntuni na tuba, Kawu. Ya ce bai ga alama ba.

A jikin bukkar akwai jan fenti, an yi alamar gicciye da lamba. Ba sai an fassara min ba. Irinsa aka shafa wa gidanmu na unguwar Jarwal ina yaro, yanzu a wurin akwai otal mai hawa kamar zai taɓo gajimare, ni nake tura alhazai zuwa ƙofarsa.

Na ce, "Hure ce take kira." Ban ƙara komai ba.

Allurar ta tsaya a hannunsa, sannan ta ci gaba. Ya ce masu aikin suna zagayowa, ba su da rana. Bukkar da suka tarar da mutum a ciki sai su wuce, su ce wani satin. Wadda suka tarar ba kowa, ta zama wadda aka bari, a take ake turo mata mota. Maƙwabcinsa ya je Lis cire haƙori, ya dawo ya tarar da fili. Ya ce, "In na taka na bar nan, ba ni da nan. Shekaruna sun wuce na fara wani wuri. Ka ce mata ina gaishe ta."

Ya ba mu shinkafa da kifin da ya kamo a ɓoye kafin gari ya waye. Ban taɓa cin irinsa ba. Marwan ya tambaye shi wane wata ne igiyar ruwa take zuwa. Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Wace igiya, ɗan nan?"

Asabar, bayan Magariba

Marwan ba ya min magana.

Lahadi, 11 ga Safar, da hantsi

Ya yi magana, da Larabci, da sauri, rabinta zagi. Ya ce na mai da shi jaki. Ya ce ya rufe wa babansa shago kwana uku, ya taka ƙaya, 'yan sanda sun yi masa dariya. Ya ce tun muna yara haka nake, shi ne kullum abin wasan, kuma yanzu zai tafi, in hau allon in koma Makka.

Na so in ce wani abin dariya. Na nema, babu.

Wayata ta yi ƙara, Kabira ce. Na ɗauka, na saurara, na ce to. Na ce to. Da na kashe sai na zauna a ƙasa da wayar a hannu. Marwan yana kallo.

Ya ce, "Hala Hure?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun kafin Muharram. Ya ce, "Kai ɗan iska ne, Mahadi. Me ya hana ka faɗa? Ita ce fa take ɓoye min ƙosai a bayan tukunya don kar ka cinye." Wannan da Hausa ya faɗe shi, kuma bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Bai tafi ba.

Litinin, 12 ga Safar, bayan La'asar

Kawu ya ce a'a.

Kabira ta ce ruwa kawai, da cokali.

Talata, 13 ga Safar, bayan Azahar

Jiya na yi niyyar shirya masa wata ƙarya, har na tsara ta, wai Inna ta ce akwai wani filin gado a Kano da sai ya sa hannu. Na zo bakin bukka na ga yana alwala, yana tsiyaya ruwan a hankali kamar yadda take yi, sai na fasa.

Na kira Kabira na ce ta kara wa Inna wayar a kunne, na ajiye tawa a kan komar, na buɗe mata murya don ya ji. Da farko numfashin Inna kawai ake ji. Kawu bai ɗago ba. Can ta ce, "Yaya." Shi ke nan. Sai numfashin.

Ya daɗe yana kallon ruwa. Ya tashi ya shiga ciki. Na ji ana jan akwatin ƙarfe.

Ni kuwa na samu aikin da na iya. Na kwaso tufafinsa na shanya a igiya. Na kunna rediyonsa, na sa mata sabon batir. Na jera takalma biyu a ƙofa, na ɗora tukunya a murhu, na cusa koma a cikin bargo a kan tabarma har ta yi siffar mutum mai barci. Marwan ya tsaya yana kallo, sai ya je ya kwance allonsa daga rufin mota, ya jingina shi a jikin bukkar, daidai kan jan fentin. Ya ce in suka gani za su zaci wani baƙon otal ne ya kama haya, ba a rushe wa baƙo ɗaki. Taha ya ce zai riƙa leƙowa yana sauya wa takalman wuri.

Kawu ya fito da ƙullin farin yadi a hammata, ya dubi aikinmu, ya ce, "Allah ya shirye ku." Bai waiwaya ba har muka hau kwalta.

Laraba, 14 ga Safar, bayan Asuba, gida

Bari in rubuta na jiya tun ban manta ba.

Muna isa Yalamlam, miƙatin masu zuwa daga kudu, Kawu ya ce a tsaya. Na ce Kawu lokaci. Ya ce shi ba zai shiga Makka bayan shekarun nan da riga a jiki kamar mai zuwa kasuwa ba. Ƙullin nan ashe ihraminsa ne na tun hajjin farko da ya yi da girmansa, ya ajiye shi don a yi masa likkafani. Ya yi wanka, ya ɗaura, ya yi niyyar umara.

Ni kuma kaina ya kawo wuta. Ba allo a rufin mota yanzu, ga marasa takarda biyu. Na ce wa Marwan mu ma mu sayi ihrami mu ɗaura, wa zai tsare masu Labbaika? Kawu ya ji. Ya ce, "Wannan ba rigar tashe ba ce. In za ka ɗaura, ka ɗaura don Mai Ɗakin. In don ɗan sanda ne, sauke ni a nan." Na ji kunya. Muka yi wanka, muka yi niyya ta gaskiya, ni da Marwan.

A shinge aka leƙo, aka ga tsoho yana Labbaika ido rufe, aka ce a yi mana addu'a. Ban ce dabarata ce ta yi ba. Ban san wace ce ta yi ba.

Da muka shigo gari Kawu ya ce a wuce Haram tukuna, mai ihrami da Ɗaki yake farawa. Marwan ya dube ni ta madubi. Na ce to Kawu, ga wata gajeriyar hanya. Gajeriyar hanyar ta hau dutse, ta bi lungu, ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ya gane. Ya sauka.

Inna ta buɗe ido ta gan shi tsaye cikin fararen yadi, kafaɗa a waje. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Yaya, ka tsufa." Ya ce, "Ke kuma kin zama yarinya ko?" Ya zauna a bakin katifa. Ta kama gefen mayafinsa ta riƙe.

Kabira ta ja ni waje, ta rufe ƙofa. Abin da suka ce nasu ne.

Ni da Marwan muka je muka yi umararmu, muka yi aski. Kansa ashe kamar gwanda.

Juma'a, 16 ga Safar, bayan sallar Juma'a

Kawu bai je umarar ba. Yana nan cikin ihrami. In ya motsa zai tashi sai hannunta ya ƙara damƙe yadin, ko tana barci. Alwala ma da gudu yake yi. Na ce Kawu awa uku ce kawai, in tura ka a keke ma, kyauta, ba na yi wa kowa haka. Ya ce gobe.

Ta sha cokali biyu daga hannunsa. Kabira ta ce biyu, ni ma na ce biyu.

Lahadi, 18 ga Safar, da hantsi

Maƙwabta sun fara magana. Baba Rakiya ta ce ba kyau mutum ya yi ta zama da ihrami kamar ya manta da Allah. Na je na tambayi malaminmu na allo, ya ce ba laifi, sai dai ya kiyaye: ba turare, ba yanke farce, ba rufe kai, ba ɗinkakken kaya. Kwanan nan sanyin na'ura yana damunsa, don Inna ba ta son a kashe. Haka yake zama kafaɗa a buɗe, yana rawar ɗari, yana Labbaika ƙasa-ƙasa. Ɗazu na ga leɓenta yana bin sa.

Suna hira jefi-jefi. Wani jirgin ruwa, wata akuya da suka ɓoye a Jidda suna yara, sunan wata mata da ban sani ba. Ta yi dariya sau ɗaya, ba sauti.

Na ce masa ihramin ya fara kama da tsumman goge mota. Ya ce in matso ya gwada a fuskata.

Litinin, 19 ga Safar, bayan Azahar

Taha ya kira ni. Ya ce ya yi iya yinsa, har shayi ya riƙa dafawa a murhun don a ga hayaƙi. Batirin rediyo ne ya mutu, masu aikin suka gane ba kowa, suka turo wa bukkar mota. Allon Marwan sun ajiye shi gefe da kyau, sun ce a nemi mai shi, kar ya yi ƙara.

Na ce na gode.

Na shiga ciki, Kawu ya ce wa ya kira. Na ce wani ne yake neman a tura kakarsa.

Talata, 20 ga Safar

Gobe, in ji Kawu.

Laraba, 21 ga Safar, La'asar

Ba ta sha ba.

Alhamis, 22 ga Safar

Juma'a, 23 ga Safar, bayan La'asar

Jiya na rubuta ranar, na kasa sauran.

Kabira ce ta zare yatsun Inna daga yadin, ɗaya bayan ɗaya. Mata suka yi abin da ake yi. Babansu Marwan ya tsaya a kan takardun jana'iza, ya yi ta kiran waya, ban san yadda ya yi ba, ban tambaya ba. Ya dafa kaina ya ce in daina ɗaukar ɗansa yawo ba izini. Ya faɗa yana share ido.

Mun kai ta Haram kafin Azahar. Ni a gaba ta dama, Kawu a gaba ta hagu, Marwan a bayana. Na shiga ƙofar nan sau ba adadi ina tura baƙi, kullum ina waige-waige. Jiya ban waiwaya ba, kuma ba wanda ya tare mu. Hanya aka riƙa buɗewa. Mutanen da ba su san sunanta ba, 'yan Turkiyya, 'yan Pakistan, wani ɗan China, suka riƙa sa kafaɗa suna karɓa suna ba wani. Kawu bai ba kowa gefensa ba.

Haka ya shiga, da ihraminsa da ya yi dauɗa, gefe ɗaya duk a cukurkuɗe inda ta riƙe. Da ya hango Ka'aba ya ce Labbaika, muryar ta karye a tsakiya.

Bayan mun dawo daga maƙabarta ya ce in raka shi. Ya ƙi keke. Ya yi ɗawafinsa da ƙafarsa, ya yi Safa da Marwa, a hankali, ina biye da shi da takalmansa a hannu.

Asabar, 24 ga Safar, da hantsi

Ya ƙi zuwa wajen masu aski, ya ce ni zan yi masa. Na ajiye kujera a tsakar gida, na jiƙa kan, na sa sabuwar reza. Kabira ta fito masa da jallabiyar babanmu, ta ɗora a kan igiya, ta koma wajen masu gaisuwa.

Na kai rabin kai, na ce, "Kawu, ranar Litinin ɗin nan, ba mai kaka ba ne ya kira."

Ya ce, "Na sani. Ƙaryarka ba ta da gishiri ranar."

Na ce ko komar ba a tsira da ita ba.

Na ci gaba da aski. Gashin yana zuba a kafaɗarsa, fari fat. Can ya ce, "Ta sha daga hannuna ko ba ta sha ba?"

Na ce ta sha.

Ya ce, "To aske. Ka bar min kunnuwa."